Motata ta faɗi gwajin hayaƙi, dan Allah wa zai fassara min waɗannan lambobin?

Mai_Tsohuwa94:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a zo a taimaka min kafin in je in kashe kuɗi a banza. Mota ce ƙirar 1994, ta fetur, silinda huɗu, injin 1.6, injekta ce ba kafireta ba, katalis ɗinta na asali, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, yana nan ba a taɓa cire shi ba, sansar oksijin ɗaya ce a jikin manifol, inda hayaƙi ke fara fitowa daga inji. Tana tashi bugu ɗaya, ba ta rawa a silo, ba ta wani hayaƙi da ido zai gani, abin da kawai na lura shi ne ta ƙara shan mai kuma bakin salansa yana yin baƙi ƙirin in ka sa yatsa.

Na kai ta gwaji aka ce ta faɗi. Ga abin da ke kan takardar lokacin da aka taka totur aka riƙe a wajen 2,700 rpm, wato juyin inji a minti ɗaya:

CO 1.4% (iyaka 0.3)
HC 260 ppm (iyaka 200)
CO2 11.6%
O2 2.9%
Lamda 1.10 (ana son 0.97 zuwa 1.03)

A silo kuma CO ya kai 1.9 alhali iyakarsa 0.5 ce.

To abin da ya ɗaure min kai, makanikena da ya duba takardar cewa ya yi kawai katalis ya mutu a sayo sabo, wani abokina kuma ya ce ai lamda in ta wuce 1 mai ne ya yi kaɗan iska ta yi yawa, to in mai ya yi kaɗan ta yaya kuma take shan mai kamar me, CO kuma da na ji ana cewa alamar yawan mai ne ya hau sama haka? Wanne zan kama? Ni dai ba na son in canza abin da lafiyarsa ƙalau.

Baba_Sifana:

Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi kyan kai da ka tsaya tukuna, kar ka sayi katalis ɗin nan yanzu. Ba cewa nake lafiyarsa lau ba, cewa nake wannan takardar ba ta isa ta yanke masa hukunci ba, kuma wanda duk ya kalli CO kaɗai ya ce katalis ne to layi ɗaya ya karanta ya bar huɗu.

Bari in fara da lamda tunda ita ta ruɗa ka. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai a nauyi, wannan shi ne lamda 1.00. Ƙasa da haka mai ya yi yawa, sama da haka iska ta yi yawa, abokinka bai yi ƙarya ba. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, na'urar gwajin ba auna lamda take yi ba, lissafa ta take yi daga waɗancan huɗun, CO (man da ya ƙone rabi) da CO2 (wanda ya ƙone sarai) da HC (wanda bai ƙone ba sam) da O2 (oksijin), akwai wani lissafi da ake kira na Brettschneider shi ke cikinta. Ma'ana duk oksijin ɗin da ya shigo bututun gwajin ko daga ina ya fito na'urar ɗauka za ta yi daga injin yake, ita ba ta san akwai ɓula a salansa ba.

Yanzu ɗauki takardarka ka haɗa CO da CO2. 1.4 da 11.6 sun ba ka 13. A motar fetur da salansarta ba ta yoyo wannan haɗin yana zuwa wajen 15, ko mai ya yi yawa kuwa, don gawayin da ke cikin man dole ya fito ta ɗayan biyun nan. Naka 13 ne, ga kuma O2 har 2.9 wanda kamata ya yi a gan shi ƙasa da 1, a mota mai katalis mai aiki ma kusan 0.5 ko ƙasa. Wannan na nuna maka an surka hayaƙin da iskar waje, kamar dai yadda ake surka ruwan zafi da na sanyi, komai ya ragu sai oksijin shi ya ƙaru. Wato akwai inda iska ke shiga, ko tukunyar baya ta huje, ko gaskit ɗin mahaɗa ya ci, ko kuma shi mai gwajin bai tura bututun ciki sosai ba, hakan ma na faruwa. Kar ka ce ai hayaƙi fita yake ta yaya iska za ta shiga, salansa bugawa take yi tana turowa tana zuƙa, a tsakanin bugu da bugu ƙaramar ɓula tana jan iska ciki.

Labari mara daɗi shi ne CO ɗinka na gaskiya ya fi abin da aka rubuta. Akwai yadda ake gyara lissafin, ka ninka CO da 15 ka raba da haɗin nan na 13, zai ba ka wajen 1.6. Kenan motarka mai take sha fiye da ƙima da gaske, yatsanka da aljihunka sun gaya maka gaskiya, lamda ce ta yi maka ƙarya saboda yoyo. Matsala biyu gare ka ba ɗaya ba.

Shi kuwa katalis aikinsa ƙona ragowar CO da HC da oksijin ɗin da ya rage a cikin hayaƙi, sannan ya fasa NOx, wata iska mai guba da zafin inji ke haɗawa daga naitirojin da oksijin, shi ya sa ake sa masa filatinam da faladiyam da rodiyam a kan wannan farin dutsen mai ƙananan ramuka. In injin na turo masa hayaƙi mai yawan mai babu oksijin a ciki to da me zai ƙona? Ko sabo fil ka ɗaura daga kwali CO ba zai sauka zuwa 0.3 ba, kuma in ka bar shi a haka sabon ma lalacewa zai yi. Kuma a ganina yoyon naka a bayan katalis yake, don da a gabansa ne da ya samu iskar ya cinye wani abu daga CO ɗin.

Ka fara da toshe yoyo. Injin na silo da sanyinsa ka sa tsumma ka ɗan toshe bakin salansa na daƙiƙa kaɗan wani ya bi ƙarƙashi da kunne, za ku ji inda take huci, sau da yawa ma za ka ga baƙin zane a wurin. A fili za ku yi wannan ba cikin gareji a rufe ba, CO ba shi da wari ba shi da launi kuma yana kisa.

Sarkin_Gudu:

Kai oga duk wannan dogon lissafin na menene. Zuba mata maganin wanke injekta a tanki, ka hau babban titi ka ba ta wuta sosai a giya na uku ta yi zafi jau, ka shiga gwaji kai tsaye kar ka kashe ta a layi. Wallahi da yawa haka suke wucewa

Baba_Sifana:

Sarkin_Gudu rabin maganarka gaskiya ce. Katalis ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, tsoho ma ya fi son zafi fiye da haka, saboda haka shiga gwaji da injin mai sanyi ganganci ne, kuma masu gwajin kansu ya kamata su tabbatar baƙin mai ya kai wajen digiri 80 kafin su fara. Wannan dabarar tana ceton wanda ya samu 0.4 ana neman 0.3. Amma mai 1.6 fa? Ya ninka iyakar fiye da sau biyar, babu gudun da zai goge wannan, kuma gudu ba ya liƙe ɓular salansa.

Rewaya_Zamani:

Na yarda da Baba a kan yoyo ɗari bisa ɗari, sai dai wuri ɗaya zan ɗan saɓa masa da girmamawa. Ni ba zan rantse cewa a bayan katalis kaɗai yoyon yake ba, don in katalis ɗin ya riga ya mutu murus ko iska ta shiga ta gabansa ba abin da zai cinye, kuma tsagewar manifol a motoci masu shekara talatin ba sabon abu ba ne. In tsagar tana gaban sansar oksijin to ita ce ma za ta iya zama tushen komai, sansa ta ga iska ta gaya wa kwakwalwar mota, wato kwamfutarta, mai ya yi kaɗan, kwakwalwa ta yi ta ƙara mai alhali silinda ba su nema ba. Saboda haka malam ka cire murfin ƙarfen nan na kan manifol ka duba da kyau musamman da safe injin na sanyi, in kana jin tik tik tik da ke raguwa in ta yi zafi to ka gano.

In babu tsaga ga yadda ni nake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko gejin zafi, ina allurar take tsayawa in kana tafiya a titi? In ba ta kaiwa tsakiya ko tana sauka in ka yi gudu to tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe ko kuma wani ya cire shi gaba ɗaya, mutane na yin haka wai don kar mota ta yi zafi, ba su san sun sa kwakwalwa ta ɗauka kullum safiya ce ba. Yawancin tamostat suna buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 92 gwargwadon mota. Injin da bai kai zafinsa ba ana ƙara masa mai ne da gangan, wasu ma kwakwalwar ba za ta fara sauraron sansar oksijin ba sam sai ruwan ya kai wani mataki. Haka ita ma sansar zafin ruwa, ba ta geji ba, wadda ke zuwa kwakwalwa, a motoci da yawa daban suke, sai ka ga geji na nuna daidai ita kuwa ɗayar tana faɗin ƙarya. Ka auna ta da mita, irin ta Bosch da aka fi sani tana ba da wajen om 2,500 a digiri 20 ta sauko wajen 300 a digiri 80, wasu kamfanonin lambobinsu daban ne sai ka duba littafin motarka, amma dai dokar ɗaya ce, zafi na hawa lambar na sauka. Ka duba soket ɗin ma, kore ko tsatsa a bakin waya yana ƙara lambar sai ta zama kamar sanyi.

Sai ita sansar oksijin. Irin taka tsohuwar ce mai lilo, in ta yi zafi ka riƙe totur a 2,500 za ka ga wutarta na hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt kusan kowace daƙiƙa. In ta kwanta ƙasa wajen 0.1 ko 0.2 ba ta motsi alhali mota na fitar da CO haka to ko ta mutu ko tana ganin iskar yoyo, in ta maƙale sama wajen 0.8 to ita gaskiya take faɗa, mai ya yi yawa, kwakwalwa ce ta kasa ragewa saboda wani abu na tura mai ta bayan fage. Wannan bambancin shi ne zai hana ka sayen sansa a banza. Ka ƙirga wayoyinta, in ɗaya ce ko biyu ba ta da hita, tana iya hucewa a silo, in uku ko huɗu ce akwai hita a ciki shi ma yana ƙonewa a auna shi.

Abin da ke tura mai ta bayan fage kuwa, ka zare ƙaramin tiyon iskar da ke kan regileta ta mai, in ka ga danshin fetur ko warinsa a ciki robar cikinta ta yage, injin na zuƙar ɗanyen mai kai tsaye. Sai nozul mai ɗiga, sai filtar iska da ta toshe ko da yake a injekta ba ta cika kai CO haka ita kaɗai ba.

Af, kuma kar wani ya ce ka kawo a sa mata skana ta yau da kullum. OBD2, tsarin da irin wannan skanar ke aiki da shi, sai 1996 ya zama dole a Amurka, a Turai kuma motocin fetur sai 2001, taka ta riga su. Da yawa daga na wancan zamanin haɗa waya biyu ake yi a soket ɗin gwaji fitilar injin ta riƙa ƙiftawa kana ƙirgawa, kowane kamfani da nasa salon.

Hajiya_Mai_Bitil:

Ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa tunda ga masana sun taru. Tawa ta kafireta ce ta 1983 ba katalis ba komai, ita CO ɗinta 0.6 ne kacal amma HC ya haura 1,400, ni da na ga CO ƙasa murna na yi ashe wai ba abin murna ba ne?

Baba_Sifana:

Hajiya taki kishiyar tasa ce. Motocin wancan lokacin ba a tsananta musu ba, a dokar Turai waɗanda aka yi wa rajista kafin Oktoba 1986 ana barinsu har CO 4.5, na bayansu marasa katalis 3.5, kuma yawancinsu sun fi jin daɗin silo da CO tsakanin 1 da 3. To wani ya ɗaure sukurin mai ya matse shi don CO ya yi kyau a takarda, ko kuma iska na shiga ta gindin kafireta ko wani tiyo da ya tsage, cakudar ta yi tsinkakkiya har wani bugun ba ya kamawa, man da bai kama wuta ba shi ne ke fita ɗanye a matsayin HC. CO mai ne da ya ƙone rabi, HC mai ne da bai ƙone ba sam, shi ya sa za ki iya samun ɗaya sama ɗaya ƙasa. A sassauta sukurin kaɗan kaɗan ana kallon na'ura, in HC ya faɗo yayin da CO ke hawa zuwa wajen 2 shi kenan. In bai faɗo ba a koma kan fulogi da wayoyinsu da kan distirbuta da taimin, taimin da ya yi gaba da yawa yana ɗaga HC, sannan a saita bawul a auna kwamfireshan, bawul ɗin da ya ƙone ba sukurin da zai gyara shi.

Mai_Tsohuwa94:

Allah ya saka da alheri Baba da oga Rewaya, ga yadda ake ciki. Manifol lafiya lau ba tsaga, amma mun samu ɓula a saman tukunyar baya ta inda ido ba ya gani sai da madubi, da kuma gaskit ɗin mahaɗar tsakiya da ya cinye, duka a bayan katalis. An yi walda an canza gaskit na roƙi wani mai na'ura ya sake auna min ba na hukuma ba, sai ga CO 1.6, HC 290, CO2 13.3, O2 0.4, lamda 0.96. Wato Baba lissafinka ya fito cif, har makanikena ya ce wai gyaran ya ƙara ɓata ta tunda CO ya hau, na ce masa a'a yanzu ne ta fara faɗin gaskiya.

Da muka buɗe gidan tamostat kuwa wayam, babu komai a ciki, wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire. Dama allurar ba ta taɓa wuce kwata ba ni na ɗauka haka ƙirarta take. Sansar oksijin mai waya uku ce, tana motsi amma a hankali ƙwarai kamar mai jin barci kuma ba ta kaiwa sama, regileta a bushe take. Tambayata yanzu in sa tamostat kaɗai in gwada ko in haɗa da sansar?

Rewaya_Zamani:

Baba ya ci wannan, a baya yoyon yake. Sa tamostat tukuna mai lambar zafin da kamfani ya ce, ka fitar da iska daga lagireto da kyau ka tabbatar fanka na tashi da kanta, don wani lokacin wanda ya cire shi wata matsalar yake ɓoyewa kamar lagireto da ya toshe ko fanka da ba ta aiki, ka sa ido kan geji kwanakin farko. Bayan nan ka sake auna sansar da zafinta na gaskiya, in har yanzu tana jan ƙafa to canza ta, sansar da ta sha baƙin hayaƙi shekara da shekaru ba kasafai take dawowa ba. In za a ɗaura kar a shafa mata gam ɗin silikon ko a kusa da ita, yana kashe ta. Fulogi ma ka cire ka gani na tabbata sun yi baƙi, HC ɗinka zai ji daɗin sababbi.

Mai_Tsohuwa94:

Alhamdulillah ta wuce. Tamostat, sansa, fulogi, katalis ɗin nan dai na 1994 ban taɓa shi ba. CO 0.25, HC 95, CO2 14.8, O2 0.3, lamda 1.00, a silo CO 0.3. Shan man ma ya ragu sosai har na lura

Baba_Sifana:

Madalla, barka. Amma ka adana takardar nan kar ka yar, don akwai magana a cikinta. Yanzu da lamda ta zauna a 1.00 ne za a iya yi wa katalis hukunci, kuma abin da na gani yana aiki amma ya gaji. Mai ƙarfi a wannan yanayin CO yana sauka ƙasa da 0.1, HC ya dawo 'yan gomomi, naka ya bar 0.25 ga kuma oksijin 0.3 a gefe bai haɗa su ya ƙona ba. Da babu shi gaba ɗaya da ka ga CO wajen 0.5 zuwa 1, kenan yana tsakiya. Zai iya ɗan farfaɗowa in ya samu doguwar tafiya da hayaƙi mai tsabta ya ƙone baƙin da ya taru, zai iya kuma ci gaba da sauka, gwaji na gaba ka kwatanta da wannan ka gani. In motar na cin baƙin mai ka faɗa min, don sinadaran da ke cikinsa irin su fosfaras suna rufe fuskar katalis kuma wannan ba ya wankuwa.

Sannan ka juye baƙin mai da filtarsa yanzu ko lokacinsa bai yi ba. Injin da ya daɗe yana aiki da sanyi da yawan mai fetur yana gangarawa ta gefen ringi ya shiga cikinsa, zaro sandar awo ka shinshina za ka ji, kuma in ya yi zafi tururinsa na komawa cikin injin ta tiyon numfashi ya ƙara maka CO. Hajiya ke kuma muna jiran naki sakamakon, ki turo har da O2 da CO2 ba CO da HC kaɗai ba.